Lesin ɗin kallon katun da na saka yarana a Tarauni, mai daɗin da mara daɗin

Iyaye da yawa suna ta tambayata wai wane irin lesin ne wannan da za a tara yara a kunna musu katun kuma a karɓi kuɗin mutum, to bari na yi bayani gaba ɗaya kowa ya huta. Wata malamar firamare ce take yinsa ranar Asabar bayan la'asar, a wani aji da ta ara a wata makarantar kuɗi can wajen Tarauni a nan Kano, tana ɗaukar 'yan aji uku zuwa aji shida maza da mata. Ba zan kama sunanta ko na makarantar ba tunda akwai ƙorafi a cikin maganata. Yaran dai Anti suke ce mata, ni ma Antin zan ce. Kuɗin bai kai na lesin ɗin lissafi da muke biya a unguwa ba, kuma tana ragewa wanda ya kawo yara biyu, ni biyun na kai, babbar 'yar aji biyar da ƙaninta ɗan aji uku.

Abun da take koyarwa a taƙaice shi ne yaro ya dinga kallon katun da idonsa a buɗe, ya lura da yadda ake nuna mace da yadda ake nuna namiji, waye yake magana, waye yake ceto, wacece kullum take kuka tana jiran a zo a taimake ta, waye kullum sai da naushi yake warware matsala. Shi ke nan fa. Ba wa'azi take musu ba kuma ban taɓa jin ta ce wa yaro ga abun da zai yarda da shi ba, tambaya ce kawai take jefa musu ta koma gefe ta naɗe hannu.

Na san abun da yake ran mutanenmu dan nima da shi na je, kuma Abbansu ma da na kawo masa maganar cewa ya yi shi fa ba zai biya kuɗi a koya wa 'yarsa raina maza ba, ko a shigo mana da wata aƙidar Turawa ta bayan gida. Gaskiya ban ga laifinsa ba, zamanin ne ya zo da haka. Abun da ya kwantar min da hankali shi ne Anti tana barin uwa ta zauna a bencin baya ta ga komai, ba ta ɓoye-ɓoye, kuma kafin kowace Asabar tana turo mana sunan fim ɗin da minti nawa za ta nuna a guruf ɗin WhatsApp na iyaye. Ba ta nuna fim gaba ɗaya, guntu-guntu ne take yankowa, minti biyar ko bakwai. Duk zaman da na yi a bencin nan ban ji an taɓa addini ko tarbiyya ta mummunar hanya ba, hasali ma da maganar aikin gida ta taso ita da kanta ta kawo hadisin Nana A'isha da ke cikin Bukhari cewa Manzon Allah SAW yana taya iyalinsa hidimar gida, in lokacin sallah ya yi ya fita, mazan ajin suka yi tsit.

Wasan da ya fi burge ni shi ne na murfin lemo. Ta aje gwangwanin madara guda biyu a kan tebur, ɗaya na maza ɗaya na mata, ta raba wa yara murafen kwalbar lemo da ta tara a leda, ta ce duk sanda namiji ya buɗe baki a fim a jefa murfi a wannan, in mace ce a jefa a wancan. Ta kunna musu wani yanki na Aladdin. Wallahi tun ana dariya har aka daina, kwal kwal kwal gwangwanin maza yana ta ƙara, na mata kuwa sai an jima ka ji kwal ɗaya, har wani ɗan ƙaramin yaro mai giɓi da aka ba wa gadin gwangwanin mata ya ɗaga shi ya leƙa ciki ya girgiza wai ko ya huje ne. Da aka zazzage a ƙasa aka ƙirga ba sai an yi wa kowa bayani ba, tsibi ɗaya ya yi tudu ɗayan ko tafin hannu bai cika ba. Babbar tawa ta kalli fim ɗin nan ya fi a ƙirga a dish ɗin gida amma ba ta taɓa lura Jasmin kusan ita kaɗai ce mace mai magana a ciki ba.

Daga baya Anti ta gaya mana mu iyaye cewa ba ita ta ƙirƙiro ƙirgen ba, wasu masana harshe mata biyu a Amurka, Carmen Fought da Karen Eisenhauer, sun zauna sun ƙirga maganganun finafinan gimbiyoyin Disney aka fitar da sakamakon a 2016. A Aladdin na 1992 maza ne suka yi kashi 90 cikin ɗari na maganar, a The Little Mermaid na 1989 kashi 68, kuma ai ita wannan ɗin muryarta ma ta bayar dungurungum dan ta samu ɗan sarki, a Mulan na 1998 kashi 77 duk da yarinyar ce jarumar fim ɗin. Har Frozen na 2013 da yaranmu mata suke haukan sa, a jakar makaranta da robar ruwa da kek ɗin bazday duk Elsa ce, labarin ya da ƙanwa ne amma maza sun kwashe kashi 59. Abun mamakin kuma tsofaffin finafinan mata sun fi magana a cikinsu, Cinderella na 1950 da Sleeping Beauty na 1959 duk mata ne a gaba wajen yawan zance. Anan ne na ƙara ganin hankalin Anti dan ba ta tsaya a ƙirge ba, ta ce wa yaran to mata sun yi magana da yawa a nan, amma me suke cewa, kuma me suke yi? Sai ka ga rabin zancen kishi ne da hassada da kwalliyar zuwa biki, ita kuma gimbiyar Sleeping Beauty ɗin kwata-kwata kamar minti 18 ta fito a fim ɗin da aka saka wa sunanta, can kuma ta ɓige da barci har sai da wani ya zo ya tashe ta. Wata yarinya ta ce Anti to ita me ta yi a fim ɗin, Anti ta ce ke za ki gaya min, yarinyar ta yi shiru ta ce barci, ajin ya kwashe da dariya.

Akwai ranar da ta kashe sautin gaba ɗaya ta tsayar da hoto ta ce su nuna mata mugu ko muguwa tun kafin kowa ya yi komai. Duk suka canka daidai, ba wanda ya faɗi. Ta ce ta yaya kuka gane? Nan fa amsoshi suka fara fitowa, Anti ƙatuwa ce, Anti hancinta dogo ne, Anti tsohuwa ce, Anti ƙafarta babba ce, wani ya ce Anti ta fi duhu. Ita kuma ta kirkin siririya ce fara mai manyan ido da ƙugu kamar za a karye. Ta tambaye su a cikin gidanku akwai mai ƙiba mai kirki? Hannu ya tashi ko ina, wannan ya ce kakarsa wannan ta ce mamanta. Ni a raina nace Allah ya miki albarka baiwar Allah, dan duk wadda take zuwa gidan biki a garin nan ta san inda maganar farar fata ta kai 'yan matanmu, tun suna sakandare an fara haɗa mai, kuma ba daga sama tunanin yake faɗowa ba, tun daga irin wannan kallon ne da irin maganganun da mu kanmu manya muke yi a gabansu, wance ta fi kyau dan ta fi haske. Ta kawo musu The Princess and the Frog na 2009, wanda a nan ne Disney suka fara yin gimbiya baƙar fata, Tiana, mai aiki ba dare ba rana tana tara kuɗin buɗe gidan abinci, yaran sun so ta sosai amma babbar tawa ta dawo gida tana mita wai ita kaɗai ce baƙa kuma sai aka maida ita kwaɗo kusan duk fim ɗin. Ban da amsar da zan ba ta.

Zanen da ta sa su yi ma ya yi ma'ana. Ta ce kowa ya zana likita, matuƙin jirgi, da mai dafa abinci, ba ta ce mace ko namiji ba. Kusan duka likitoci da matuƙa maza suka fito har da gemu, mai girki kuwa mace da ɗankwali a gaban murhu. Sai ta ce waye yake soya muku indomi da ƙwai a bakin titi, suka ce mai shayi. Waye yake gasa tsire da balangu? Waye ya ɗinka muku kayan sallah? Ta juya kan matan ta ce in mamanku za ta je awo asibiti wa ta fi so ya duba ta, suka haɗa baki likita mace, ta ce to daga ina likita macen za ta fito in duk kun bar wa maza. Wannan maganar ko Abbansu da na maimaita masa bai ce komai ba sai gyaɗa kai, dan shi ne mai faɗan a nemo mana likita mace duk sanda za ni asibiti.

Amma inda lesin ɗin ya fi tsaya min a rai shi ne ranar da ta ajiye Turawa ta dawo gida. Ta rufe laftof ta ce ga ta nan ga ta nanku, wasu yaran ma ba su san amsar ba sai da 'yan kaɗan suka ce ta zo mu ji ta, abun ya ban tausayi. Ta yi musu tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa, wadda ake wahalar da ita ta yi haƙuri ta taimaki tsohuwa a hanya ƙarshe ta auri ɗan sarki, ɗayar kuma ta je da rashin kunya ta dawo da masifa. Yaran da kansu suka ce Anti ai wannan Cinderella ce. Ta ce to ashe ba Turawa kaɗai ba ne, mu ma muna da namu, kullum ladan yarinyar kirki shi ne ɗan sarki, kullum kishiyar uwa muguwa ce, Gizo ya yi ƙarya ya yi kwaɗayi ya yi zamba amma shi ne gwanin da ake wa dariya ana so, Ƙoƙi kuwa tana gida tana haƙuri da shi. Ana cikin haka wata yarinya 'yar shiru-shiru da take zama kusa da taga, mai farin hijabi da ya ɗan yi mata yawa, ta ɗaga hannu a hankali ta ce Anti ni mamana ta rasu matar babana ce take riƙe ni kuma ita take min kitso, ba ta taɓa dukana ba. Ajin ya yi shiru. Anti ba ta yi wani dogon jawabi ba, ta ce mata idan kin koma gida ki gaishe min da Umman taki ki ce na gode, sannan ta ce kowa ya sake rubuta tatsuniyar amma wannan karon matar uban mai kirki ce, a nemo wata matsalar daban da yarinyar za ta warware da kanta. Nawa ɗan ajin ukun ya rubuta wai Dodo ne ya sace akuyar gidan, yarinyar da matar babanta suka bi sawu suka ƙwato ta da muciya. Har yanzu takardar tana manne a jikin firij.

Kuma ba ta ce a zubar da tatsuniya ba, ta ce a ci gaba da yi, kawai a dinga tambaya. Ta haɗa musu da labarin Sarauniya Amina ta Zazzau da ganuwowin da ake jingina mata, da Daurama, da Nana Asma'u 'yar Shehu Ɗanfodiyo wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa kuma ta kafa 'yan taru, ƙungiyar karantar da mata, tana naɗa jaji wato jagorarsu ta ba ta malfa ta tura ta ƙauyuka koyar da mata. Ta tambaye su me ya sa kun san Elsa ba ku san Nana Asma'u ba, wani ya ce ai ba ta da katun. Gaskiyarsa.

To yanzu ɓangaren da bai min ba, kuma da yawa.

Na farko wajen kansa. Ajin yana da zafi sosai, fanka ɗaya ce, in aka ɗauke wuta sai a jira maigadi ya tada janareto kuma wani lokacin ba mai, furojektan a bango ake haskawa ba labule a tagogi dan haka da rana hoton ya dushe, na baya ba sa gani sai sun taso gaba a cunkushe. Sifikar laftof ɗin ma ƙarama ce, ga ƙarar a-daidaita-sahu daga titi. Wannan ba wani kuɗi mai yawa zai ci ba, 'yar sifika mai caji a kasuwar waya ta Farm Centre da tsohon zanin gado a taga sun isa, na faɗa mata ta ce in sha Allah, har muka gama ban ga canji ba. Lokaci ma ba a cika farawa a kan kari ba, kuma yaran da Islamiyyarsu ta yamma ce ranar Asabar dole su zaɓi ɗaya, wasu iyayen saboda haka suka janye nasu.

Na biyu Turanci. Finafinan duka da Turancin Amurka ne mai sauri, yaran makarantar kuɗi suna ɗan kamawa amma akwai 'yan makarantar gwamnati da aka kawo su ma, su kam kallon hoto kawai suke, in an zo tambaya sai su yi shiru ba dan ba su da kai ba. Anti tana fassarawa in ta tuna amma ba kullum ba. Takardun aikin da take rabawa ma daga intanet ta sauko da su ba ta gyara ba, hoton yara a cikin dusar ƙanƙara, uba yana aske ciyawar gaban gida da inji, abun da ɗan Kano bai taɓa gani ba, ga shi ita da bakinta ta iya kawo misalin mai shayi da tela, me zai hana ta zauna ta rubuta nata.

Sannan ta cika dogara da gimbiyoyin Disney, alhali ba su ne abun da yaranmu suka fi kalla kullum ba. A gidana dai tashar yara ta MBC3 ce a kunne, sai Tom and Jerry, sai Masha and the Bear da katun ɗin Indiya a wayata in sun samu na ajiye. Paw Patrol sau ɗaya ta taɓo shi, kuma nan take yaran suka kama dan sun san shi ciki da bai, karnuka shida aka fara da su a 2013 mace ɗaya ce tak, Skye, ita ma ruwan hoda aka saka mata. Da irin waɗannan ta fi yawaitawa da darasin ya fi bin su gida. Na so kuma a ce ta nuna musu na Afirka, akwai Bino and Fino da Adamu Waziri ya yi a Abuja, wa da ƙanwa ne 'yan Najeriya, akwai Akili and Me na kamfanin Ubongo da ke Tanzaniya wanda yarinya ce jarumar, ko ba komai su ga masu kama da su a allo.

Babban ƙorafina shi ne maza. Kusan rabin ajin maza ne amma zama ɗaya kawai aka ware musu, shi ma a gurguje. An ɗan taɓo cewa jarumi a katun ba ya kuka, ba ya cewa yana tsoro, uba kuma sau da yawa sakarai ake maida shi wanda ko shayi bai iya haɗawa ba, daga nan lokaci ya ƙare. Ni kuma a ganina nan ne aikin yake, dan ɗan nawa ko faɗuwa ya yi ya fasa gwiwa sai ya cije wai maza ba sa kuka, kuma ba a katun kaɗai ya ji ba, a bakin kawunnansa ya ji. Sauran zaman mazan sun fara jin kamar su ake tuhuma, na ga wasu sun koma baya suna wasa da murafen lemon. Haɗa ɗan aji uku da 'yar aji shida ma bai yi ba, manyan suna cinye maganar.

Akwai kuma ranar da yankan bai yi daidai ba, guntun fim ɗin ya zarce har inda ɗan sarki ya sumbaci gimbiya kafin ta kai hannu ta tsayar, yara suka hau ihu da rufe ido, wata uwa a bencin baya ta tashi ta ja 'yarta suka fita. Anti ta ba da haƙuri a guruf da daddare kuma bai sake faruwa ba, amma a garin nan irin wannan kuskuren guda ɗaya ya isa ya rufe lesin gaba ɗaya, ya kamata ta dinga kallon abun da ta yanka tun daga farko har ƙarshe kafin ta shigo aji.

Canjin da na gani a gida ba wani gagarumi ba ne, kar na yi muku ƙarya. Babbar har yanzu Elsa ce a jakarta kuma ba ta fasa son rigar gimbiya ba, ni ma ban ce ta fasa ba. Amma yanzu kallo da su ya zama surutu, wannan ta ce Umma kin ga mace ɗaya ce a cikinsu, wancan ya ce a'a ga wata can a baya, su hau musu, har fim ɗin Hausa da na Indiya mai fassara da nake kalla sun fara saka wa ido, ranar nan ana nuna kishiyoyi suna dambe babbar ta ce min wai su matan fim ɗin nan ba su da wata sana'a ne sai faɗa a kan Alhaji. Hajiya kakarsu tana gefe ta ce wannan 'yar da bakin tsiya take, amma tana dariya ta faɗa.

In za ku saka naku, 'yan aji huɗu zuwa shida ne suka fi amfana, ɗan aji uku sai in yana jin Turanci sosai. Ku je zaman farko da kanku ku zauna a baya, ku tambaye ta jerin finafinan tun kafin ku biya, kuma ku haɗa yaro da ruwan sha da mafici dan ba a sayar da komai a wajen. Ta ce za ta sake buɗe wani zagayen a dogon hutu, ni zan maida babbar, ƙaramin kuwa sai na ga ta ƙara zaman mazan kuma ta raba ajin biyu tukunna.